Hular Direba

Tun daga ƙofar coci Tilda ta hango shi ta gilashin bas ɗin.

Joss ne a kan sitiyari.

Ta ja ta tsaya cak da kwandon abinci a hannu, har matar da ke bayanta ta take mata dunduniya. Tilda ce ta riga ta juyowa tana cewa, "Ayya, yi haƙuri."

Direbobi birjik a kamfanin hayar bas ɗin nan. Amma a ce yau, ranar yawon shekara na 'yan cocin Haddlecombe, ranar da rabin ƙauyen ke cusuwa a mota guda, a ce shi aka turo?

"Mama," ta yi ƙasa da murya, "wa ya ɗauko hayar motar bana?"

Honor Maslen ba ta ko dube ta ba, tana ta gyara mayafin wuyanta. "Ni ce. Na kira su na ce a turo mana ɗan gidan Pullen, na ji ana yabon tuƙinsa. Hau mana, kin tare wa mutane layi."

Tilda ta sunkuyar da kai. Ashe abin da ta yi shekara biyu tana rufewa, uwarta ta daɗe da saninsa.

Rabonta da jin muryar Joss tun ranar Laraba, ranar da ya ce mata ya gaji da zama sirri. An ba shi aiki a Inverness, can ƙarshen Scotland, gobe Lahadi zai kama hanya. Abu ɗaya ne zai tsayar da shi: ta buɗe baki ta faɗa wa mahaifiyarta shi take so. Ta yi masa alkawari. Laraba ta wuce, Alhamis da Juma'a suka bi ta, baki ya ƙi buɗuwa.

Ta taka matakala. Ya ɗago ya dube ta kamar yadda zai dubi kowace fasinja.

"Barka da asuba, Mis Maslen. A kula da matakala."

Mis Maslen! Da ya tsinka mata mari da ya fi mata sauƙi.

"Kai, ɗan nan!" Muryar Nana Dot ce, kakarta ta wajen uwa, tana hawowa da sanda da wata tsohuwar jaka a hammata. "Da an rage min shekara sittin, da yau ka shiga uku."

Sai a lokacin Joss ya yi murmushi. Ya miƙe ya kama hannunta. "Ai ko yanzu a cikin ukun nake, Nana Dot. Hular tana nan?"

Ta bubbuga jakar. "Ina za ta? Ka dai kai mu lafiya ka dawo da mu, ka ga cika."

Hular marigayi Stan ce, mijin Nana Dot, shi ma direban bas ne a zamaninsa. Duk shekara, a hanyar dawowa, ita ake zagayawa da ita kujera kujera, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa don direba. Mutum ɗaya ya kai ta gaba, ya yi godiya a lasifika a madadin kowa, direba ya juye abin da ke ciki ya mayar wa tsohuwa da hularta. Tun kafin a haifi Tilda haka ake yi.

"Tilda! Nan, na kama miki wajen taga!"

Piers Chaloner ne yake ɗago mata hannu daga tsakiyar motar, gashi a taje, takalmi na sheƙi. Lauya ne a Marlborough, ɗan babban gidan da ke bayan coci. Ba mugu ba ne, nan ma matsalar take. Bai taɓa yi mata abin da za ta riƙe ta ce ga dalili ba.

Ta so ta wuce can baya wajen kakarta. Ta ji idon mahaifiyarta a ƙeyarta.

"Na gode, Piers," ta ce. Ta zauna.

*

Mota ta miƙa kan hanya, yayyafi na sauka yana ɗaukewa. Tsofaffi suka buɗe filas ɗin shayi tun ba a fita daga ƙauyen ba. Da aka zo wuce ƙaton hoton farin doki da aka sassaƙa a allin jikin tudun Cherhill, kowa ya juya ɓangare guda yana ɗaukar hoto, wani dattijo na rantsuwa wai dokin ya rame tun bara.

Piers na ta ba ta labarin wata shari'ar kan iyakar gona. Ita ko kalma ɗaya ba ta shige ta ba. Idonta na kan madubin direba. Ko sau ɗaya Joss bai ɗago ba.

Ta cire safar hannu, ta mayar. Ta buɗe jaka, ta rufe. Kujerar ta zame mata kamar an shimfiɗa ƙaya.

Zangon farko tsohon kabarin West Kennet ne, na mutanen da, mai ɗakunan dutse da ake shiga. Aka bar motar a bakin titi, daura da tudun Silbury, masu ƙarfin gwiwa suka bi 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki suka haura. Iska na kaɗa lema tana juya ta. Da suka isa bakin manyan duwatsun da suka tare ƙofa, Honor ta kama hannun 'yarta.

"Zo mu shiga kafin su cika wajen."

Ciki duhu ne da sanyi, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani ya bar guntun kyandir da busassun furanni a kan dutse. Honor ta ja ta har ɗakin ƙarshe, inda haske ke ɗigowa daga sama.

"Piers ya zo wurina jiya. Ya nemi izinina, tunda babanki ba ya raye. Na ba shi. Yau zai tambaye ki, a Avebury, gaban kowa."

Tilda ta zaro ido. "Mama! Gaban kowa?"

"Abin kunya ne a nemi aurenki?"

"Ba ni... Mama, ni ba na..."

"Ba kya me? Ƙarasa mana." Honor ta jira. "Kin gani? Abin da ba za ki iya faɗa a cikin kabari ba, inda babu mai jinki sai ƙasusuwa, shi kike so ki gina rayuwa a kai?"

Hawaye suka ɓalle wa Tilda. "Shi ya sa kika ce a turo shi? Don ya gani da idonsa?"

"Don ya gani ya haƙura. Taimakonsa na yi."

"Me ya yi miki? Don direba ne? Mama, ke ma fa 'yar direba ce!"

Ba ta taɓa ganin fuskar mahaifiyarta ta canza haka ba. Honor ta saki hannunta.

"E, 'yar direba ce. Kina tsammanin raini ne? Kina ganin kunyar ubana nake ji? Shekarata tara, Tilda. Kullum da yamma ina kan kujera a bakin taga, ina jiran fitilar motarsa ta karyo kwana. Ran nan hazo ya rufe hanya. Na yi ta jira, abinci ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa na ruga da gudu na buɗe. Ɗan sanda ne, da hular babana a hannu."

"Mama..."

"Kakarki ta mai da hular abin wasa, duk shekara a yi ta yawo da ita ana dariya. Kin taɓa ganin na taɓa ta? Kin taɓa ji na yi wa direba godiya in zan sauka a mota? Ba na iyawa. Bakina ba ya buɗuwa." Ta goge ido da bayan hannu, da sauri, kamar mai jin haushin hawayen. "Piers ƙarfe shida yana gida. Kullum. Ofishinsa ba ya kifewa a hazo. Ke kaɗai gare ni, ba zan zauna in ga kin gaji tagar nan ba."

Tilda ta rungume ta, suna kuka su biyun. Maganar da ta kwana uku tana shiryawa ta zo har maƙogwaro, ta koma. Ta yaya ake cewa a'a ga uwa mai kuka?

Muryoyi suka taso daga bakin ƙofa. Honor ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, ta koma Misis Maslen ta kwamitin coci.

"Share fuskarki. Kada ki ba yaron mutane kunya."

*

A Avebury aka sauka cin abincin rana. Jama'a suka bazu cikin ciyawa, tsakanin manyan duwatsun da suka yi wa ƙauyen zobe, tumaki na kiwo a gindinsu ko a jikinsu. Tilda ta ce ta manta lemarta a mota.

Ta same shi zaune a matakalar motar, burodi da cuku a cinya, ko gutsura bai yi ba.

"Joss."

"Motar a buɗe take, Mis Maslen. Ɗauki abin da kika manta."

"Don Allah ka daina kirana haka!"

"To me zan kira ki? A gaban ƙawayenki ni 'wani ɗan makarantarmu' ne. Ranar da muka ci karo da mamanki a kasuwar Devizes, ce mata kika yi hanya nake tambayarki. Ni, da aka haifa a bayan kasuwar!"

"Na san na yi laifi."

"Ba laifi nake nema ba, Tilda." Sunan ya suɓuce masa, muryarsa ta karye a kai. "Na san ki. An kawo miki miyar da ba ita kika ce ba, kin shanye kin yi godiya. An take miki ƙafa, ke ce mai ba da haƙuri. Da can abin dariya yake ba ni, har shi ya sa na fara sonki. Yanzu tsoro yake ba ni. Wata rana za a miƙo miki miji ki karɓa ki ce an gode."

Ta durƙusa a gabansa kan tsakuwa, ko ta kan rigarta ba ta bi ba. "Yau zai tambaye ni."

"Na sani. Kwalaben da za a sha murna suna cikin firjin motata. Ni na ɗora su da hannuna da safe."

"Mama ta faɗa min abin da ban taɓa sani ba, game da kakana. Joss, kuka take yi! Ka ba ni mako guda. Mako guda kawai, in lallaɓa ta."

"Bara ma mako guda kika ce."

"Ina sonka. Ka san ina sonka."

"Na sani. A nan, bayan mota, inda babu kowa, kina sona ƙwarai." Ya nannaɗe burodin ya tura aljihu. "Ba na ce ki zagi mahaifiyarki ba. Ban ce ki gudu ba. Cewa na yi ki ambaci sunana sau ɗaya a inda mutane ke ji. In hakan ya fi ƙarfinki, ki bar ni in tafi inda ba zan riƙa ɗauko ki a mota kina zaune kusa da wani ba."

"Direba! Yawwa, kai nake nema!"

Tilda ta zabura ta miƙe. Piers ne ya taho da sassarfa, fuskarsa jawur don zumuɗi.

"Tilda, mamanki na nemanki can wajen manyan duwatsun nan biyu. Je ki, ga ni nan." Ya juya ga Joss ya rage murya, amma ta ji. "Abokina, taimako ɗaya. Riƙe wayar nan, in na durƙusa ka fara ɗauka. Ka tabbata fuskarta ta fito sosai. Ba za ka yi nadama ba in an zo zagayen hula."

Ya kashe masa ido. Ko sunansa bai sani ba.

Joss ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya karɓa.

"Ba damuwa, yallaɓai. Fuskarta za ta fito."

*

Duwatsun nan biyu sun fi mutum uku tsawo, sun ɗan karkata kamar tsofaffi masu gulma. Jama'ar Haddlecombe sun riga sun yi da'ira, kowa na yi kamar hoton dutse yake ɗauka. Ashe duk sun sani. Ita kaɗai ce ba a gaya wa ba sai yau.

Piers ya kai gwiwa ɗaya ƙasa, cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da kashin tumaki. Ya buɗe ɗan akwati.

"Matilda Maslen, duwatsun nan sun yi dubban shekaru a tsaye ba su gaji da juna ba. Zoben kakata ne wannan. Za ki aure ni?"

Ta ɗago. Ga mahaifiyarta, hannu biyu a ƙirji, ido jawur. Ga Nana Dot a kan 'yar kujerarta ta naɗewa, ta tsuke baki. Ga tsofaffin da suka riƙe ta tana jaririya. Can gefe, ga Joss, waya a saitin fuskarsa, hannunsa ko rawa ba ya yi.

Mutum a durƙushe, wandonsa na shan ruwa. Kowa na jira. Ta yaya za ta tozarta shi haka?

"Piers," ta ce, "ni..."

Hawaye suka sha kanta.

"Ayya, kukan daɗi take yi!" wata tsohuwa ta ce. Wani ya tafa, sauran suka ɗauka. Kafin ta farga Piers ya miƙe, ya kama hannunta ya zura zoben. Sanyinsa ta ji har ƙashi. Aka yi ta rungumarta, ana sumbatar kumatunta, ana buɗe kwalabe.

"Na gode," ta ji bakinta na cewa. "Na gode. Na gode."

Joss ya tako a natse ya miƙa wa Piers wayarsa.

"Komai ya fito, yallaɓai. Jama'a, ƙarfe huɗu mota za ta tashi."

Ya juya. Ta bi bayansa da kallo har ya ɓace tsakanin duwatsu.

*

A hanyar dawowa motar ta kaure da waƙa. Piers na riƙe da hannunta, yana lissafa mata waɗanda za a gayyata. Zoben ya yi mata yawa, sai juyawa yake a yatsa. Tana juya shi, tana kallon gonaki na wucewa, kowace alamar hanya na gaya mata saura kaɗan. Saura kaɗan a isa, saura kaɗan ya kashe mota, saura kaɗan gari ya waye.

Ta jingina kai da taga.

Aka taɓa kafaɗarta da kan sanda. Nana Dot ce, ta dawo kujerar da ke bayansu.

"Amarya, matso da kunnenki." Ta matso. "Ni kunnena ya tsufa, wataƙila shi ya sa. Amma tafi na ji, e ce ban ji ba."

"Nana..."

"Kakanki Stan, uwata ta ce in na aure shi kada in sake taka gidanta. Shekara goma sha ɗaya kacal muka yi. Uwarki tana tuna daren da bai dawo ba. Ni kuwa ina tuna duk sauran, da ya dawo." Ta zuge jaka, ta zaro hular, baƙa mai ɗan baki a gaba, gefenta ya koɗe. Ta ɗaga murya. "To jama'a! A daina waƙar nan mai kashe kunne, a buɗe jaka. Direba ya kawo mu lafiya!"

Hula ta fara yawo daga baya. Tsaba na ƙara, ana tsokanar masu maƙo. Da ta iso kan Honor, ta naɗe hannu ta kau da kai taga, maƙwabciyarta ta tsallake ta, kamar kowace shekara. Piers ya jefa takarda mai girma yadda kowa zai gani.

"Wa zai kai bana?" wani ya tambaya.

"Amarya mana!" in ji Nana Dot. "Ko akwai wanda ya fi ta abin godiya yau?"

Honor ta juyo a firgice. "Mama, ki bari! Ki ba Rabaran, limamin coci, ya kai."

"Hulata ce ko taki?"

Aka yi dariya, aka ɗora wa Tilda hular a hannu. Ta yi nauyi, tana ƙamshin tsohon man gashi. Ta miƙe. Mota na jijjiga, tana dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya.

Ta isa gaba. Joss idonsa na kan titi. Ya zare abin magana daga maƙalinsa ya miƙo mata ba tare da ya juyo ba.

Ta san abin da ake faɗa, ta ji shi tun tana yarinya. Ta danna.

"A madadin 'yan cocin Haddlecombe, muna godiya ga direbanmu..."

Muryarta ta fito ta kowane lungu na motar, har ita ta tsorata. Ta tsaya. Ana jira a tafa.

"Direbanmu yana da suna," ta ce. "Joss Pullen."

Ta ga yatsunsa sun damƙe sitiyari.

"Yi haƙuri... a'a. A'a, yau ba zan ba da haƙuri ba, sai mutum ɗaya." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Piers, kai kaɗai nake roƙo ka yafe min. Ka tambaye ni, ban amsa ba, aka tafa. Na ji kunyar barinka a durƙushe, na bar ka ka tashi da ƙarya, wannan ya fi muni. Amsata a'a ce. Shekara biyu ke nan ina son mutumin nan da ke tuƙa mu, ina ɓoye shi kamar kayan sata. Mama, na ji abin da kika faɗa min, har cikin raina na ji. Amma in zama a taga ina jiransa ya fi min in zauna a tebur da wanda ba na jira."

Motar ta yi tsit, sai ƙugin inji. Can baya filas ɗin wani ya faɗi ya gangaro.

Ta koma da baya har kujerar Piers, ta zare zoben ta sa masa a tafin hannu. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya dubi zoben, ya dubi ƙeyar direban, kamar yau ya fara lura akwai mutum a wajen.

"Shi na ba wayata," ya ce a hankali. "Ya Allah. Shi na sa ya ɗauka."

"Matilda." Muryar Honor ba ta yi ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "Koma kujerarki. In kika sake taka gaban motar nan, kada ki biyo ni gida."

Tilda ta tsaya tsakanin kujeru, hula a ƙirji. Kujerarta na nan, ga taga, ga jakarta. Taku ɗaya ne.

Ta juya ta yi gaba. Ta janyo 'yar kujerar kwandasta da ke naɗe kusa da ƙofa, ta zauna.

Joss ya rage gudu. Idonsa ya cika taf, yana ƙifta shi don ya ga titi.

"Ɗaura bel, Tilda," ya ce.

*

Rana na shirin faɗuwa suka iso ƙofar coci. Mutane suka riƙa sauka sumui-sumui, kowa na cewa, "Mun gode, direba," ido a ƙasa, kamar babu abin da ya faru, alhali kafin a kai gida labarin zai riga su. Piers ma ya sauka ya wuce.

Honor ce ta ƙarshe. Ta tsaya a kan 'yarta ta miƙa hannu.

"Makullin gidana."

Tilda ta ciro shi ta ba ta. "Mama, don Allah..."

Honor ta karɓa. Idonta ya sauka kan hular da ke ajiye a gaban sitiyari. A hankali, kamar mai taɓa wuta, ta kai yatsa ta shafi bakinta. Sannan ta dubi Joss ido cikin ido, karon farko a ranar.

"Hular nan ta taɓa fita da safe ta dawo ba mai ita."

Ta sauka.

Tilda ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka. Joss ya kashe mota ya durƙusa gabanta, yana ta maimaita sunanta. Da ta ɗan lafa, ya juye abin da ke cikin hular, ya kakkaɓe ta, ya miƙa wa Nana Dot da ke zaune har yanzu ba ta motsa ba.

"Ga hularki, Nana Dot. Na gode."

"Riƙe ta. Ta gaji da zaman jaka." Ta gyara riƙon sandarta. "Scotland ɗin fa?"

Ya dubi Tilda. "Zan kira su in ce su nemi wani."

"Madalla. To tashi motar, yarinyar nan a gidana za ta kwana. Kuma a hankali, ka ji? Yanzu akwai mai jira."

Ya sa hular. Ta ɗan yi masa kaɗan.

Mota ta ja a hankali ta bi ta gaban gidan Maslen. Tilda ta manna fuska a gilashi. Mahaifiyarta na tsaye a bakin ƙofa, makulli biyu a hannu, ba ta buɗe ba, ba ta shiga ba. Tana nan tsaye tana bin fitilar motar da ido, har suka karya kwana.